Wa Ya Yi Mana Afuwa?

Na kai Inna shagon kwamfuta a Kazaure ta ga hoton jikarta da yayata ta turo ta imel. Na saka kalmar sirrina daidai, amma shafin ya ƙi buɗewa.

"Me ka yi musu?" in ji Inna.

Mai shagon ya ce wani ne ya yi ta kuskuren tasa, aka zaci ɓarawo ne, aka toshe layin shagon na ɗan lokaci.

"Shi ya tafi, mu aka tsare?" ta ce.

Bayan la'asar shafin ya buɗe da kansa. Inna ta ƙura wa jaririyar ido, ta ce in gode wa wanda ya yi mana afuwa. Na rasa wa zan gode wa.