Rabin Kwalbar Yakaka

Duk Hadejia ban san namijin da ya san turaren wuta kamar Malam Ari ba, kuma abin dariya, bandar kifi yake sayarwa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, don haka ba labari aka ba ni ba.

Matarsa Yakaka, Babarbariya daga Guri, ita ce gwanar haɗi. In ya dawo kasuwa sai ta kifa kwando a kan kasko ta turara masa riga, tana cewa, "Malam, ni fa ba tarwaɗa na aura ba." Allah bai ba su haihuwa ba. Da ta rasu, ta bar masa rabin kwalba daga tukunyarta ta ƙarshe, haɗin itacen hawi da gabgab da ya yi baƙi don daɗewa.

Ya ƙi ƙona shi, kada ya ƙare. Sai ya bazama neman mai kama da shi. Da ya ji wata tsohuwa a Jahun ko Kafin Hausa na da turaren da ya shekara da shekaru a ƙarƙashin gado, ya tafi ke nan. Sharaɗinsa guda: tukunya ɗaya, hannu ɗaya, ban da gauraye. Kwalabe suka cika ɗaki, ba rubutu a jiki, da hanci yake gane kowacce. Na sha tsokanarsa cewa ya tara mata a ɗaki ba sadaki. Murmushi kawai yake yi. Bayan la'asar sai ya buɗe ta Yakaka, ya sunsuna, ya rufe. Wallahi tausayi yake ba ni.

Shekarar da kogi ya yi barazanar shigowa gari, maza duk muna bakin jinga muna jera buhunan yashi, Adila 'yar ƙaninsa ta zo kwashe masa kaya. Amalanke ɗaya ta samu. Ta ga kwalabe rabi-rabi sun fi ƙarfin wuri, sai ta yi abin da kowace mace mai tattali za ta yi: ta juye su duka a bokiti ɗaya, ta cakuɗa, ta rufe.

Da muka dawo, ta tare shi. "Baba, ka ga na rage maka kaya," ta ce.

Ya daɗe yana kallon bokitin. Ni da na san abin da ke ciki, raina ya ɓaci, har na buɗe baki. Ya riga ni. "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Ruwan bai ma iso unguwarmu ba.

Tun daga nan, mutumin da ba ya ƙona ko ƙwaya, kullum kaskonsa na hayaƙi, layinmu duk ya ɗauka. Rannan na leƙa na same shi shi kaɗai, ya sunkuya kan garwashi.

"Malam Ari, kana jin na Yakaka kuwa?"

"Tana ciki," ya ce. "Mata ne suka yi yawa. Ka san ta, ba ta magana a cikin taro."