Uku, Sannan Ƙarin Biyu Kullum

Wata Asabar cikin watan Safar, shekarar 1986, gilashin talabijin ɗin Kawu Idi ya fashe a gidanmu na unguwar Sharafiyya a Jidda. Ina da shekara goma sha ɗaya. Ina tsugune a bakin famfo ina wanke tukwane na ji ƙarar. Ɗansa Faisal ne ya buga ƙwallo a falo, na gan shi ta ƙofa yana tura ta ƙarƙashin kujera. Da Kawu ya dawo daga garejinsa, Faisal ya nuna ni da baki.

Ni marainiya ce, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba makaranta. Faisal haifaffen Jidda ne, yana ajin sakandare. Kawu bai yi tambaya ba. Ya naɗe wayar wuta a hannu ya ce, "Yau uku. Kullum ƙarin biyu, har ki ce ke ce. Yalla, maza juya." Haka aka fara. Bayan la'asar zan share bene, in ɗebo ruwa, in shanya wanki, sannan in je in juya masa baya. Uku, biyar, bakwai. Ban amsa laifin ba, don ba ni na fasa ba.

A saman bene nake kwanciya rubda ciki, inda babu mai ganina. Na tara ƙwallayen dabino ina jera su layi-layi, kowane layi dukan rana ɗaya. So nake in san abin da ke jirana. Nan na gane ba sai na bi kwanaki ɗaya-ɗaya ba: kwanakin da suka wuce sau biyu, a ɗora kan uku. Na kuma gane in na haɗa layin farko da na ƙarshe, na biyu da na kusa da ƙarshe, duk tsawonsu ɗaya. Kwana goma, bulala ɗari da ashirin.

A rana ta goma Faisal ya hawo da littafinsa yana tsaki, gobe jarrabawa. Ya tsaya kan ƙwallayena, ya dubi littafin, ya sake duban ƙasa. "Ya bint, ke yarinya, wa ya koya miki wannan? Shi ne darasinmu!" Na ce babanka. Ya rantse in na fahimtar da shi zai faɗi gaskiya. Na koya masa, rigata na manne da mikin bayana. Ya ci jarrabawar. Kawu ya saya masa agogo. Da na tuna masa alkawari, ya ce, "Halas, zance ya ƙare, ai kin saba."

A rana ta goma sha huɗu na sha ashirin da tara, na suma a bakin famfo. Da na farfaɗo na yi lissafi. Ranar ashirin, arba'in da ɗaya. Ranar talatin, sittin da ɗaya. Abin ba ya da ƙarshe, ni kuwa ina da shi. Washegari na durƙusa na ce, "Kawu, ni ce." Ya yi murmushi ya ce da ma ya sani.

Yanzu jikata tana koyon wannan lissafi a makaranta, da alli da fanka, malamarta har tauraro take manna mata a littafi. Nakan zauna kusa in saurara, ban taɓa gaya mata na iya ba. Na so a ce a kan allo na koye shi.