Munduwar da Na Ƙi Narkarwa

Shekara talatin ina ƙirar azurfa a Madina, amma ranar da na ƙi yi wa wata dattijuwa aiki ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Da hantsi ta shigo shagona da ke unguwar Ranuna. 'Yar unguwarmu ce, jikar mutanen Kano da suka zo hajji suka zauna. Ta kwance bakin mayafinta ta ajiye wata munduwa da ta yi baƙi ƙirin.

"Narkar min da ita ka fitar da zobba uku. Bikin jikata saura sati biyu."

Har na kama munduwar da awartaki, wuta na ci, sai babban yatsana ya goge bakinta. Kan rago ne ya bayyana, an fitar da ƙahonsa zare-zare, siririn aikin da ban taɓa gani ba. Nan take na kashe wutar.

"Hajiya, ina kika samo wannan?"

"Wani alhajin Farisa ne ya bai wa kakana, saboda kakan nawa ya yi jinyarsa. Yalla, ina sauri!"

"Wallahi ba da hannuna ba."

Ta fusata, ta ce maƙera ba su ƙare a garin nan ba. Na san gaskiya ta faɗa, wani zai narkar da ita kafin azahar. Na tsaya a bakin ƙofa ina roƙonta ta bar min ita kwana ɗaya tak. Da ƙyar ta ce, "Halas, shi ke nan, gobe."

Bayan la'asar na kai wa maƙwabcina, ɗan Najeriya mai koyar da tarihi a jami'a. Ya daɗe yana jujjuya ta, sannan ya ce ƙirar ta yi kama da ta Fartiyawa, waɗanda suka mulki Farisa tun kafin zuwan Musulunci. Daga baya masana suka tabbatar.

Da na gaya wa Hajiya, sai ta rungume munduwar a ƙirji.

"Ashe amanar kakana na so in ƙona."

Zobban da wata azurfar na ƙera su. Amarya kuwa da munduwar a hannunta aka kai ta ɗakin miji.

A da ina ɗauka gwanintar maƙeri a guduma take. Ranar na gane cewa sai ka san lokacin janye hannu daga aikin wanda ya fi ka, sannan ka cika gwani.