Allurar Surukina

'Yata ta fari ta zo gida da ciki na uku a lokacin yankan rake, kuma tun ranar zama ya gagare ni. Cikinta na farko ya zube yana wata shida. Na biyu ta kai shi ƙarshe, aka haifi yaro ba rai. Duk biyun ina Gubuchi, ita tana gidan mijinta a wani ƙauye wajen Kudan, kuma ban yi kuka a gaban kowa ba, don a wurinmu uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari. In zan yi maganarta ma sai in ce yarinyar nan, alhali ta fi ni tsawo.

An yi mata rubutu, an yi hayaƙi, wasu sun ce iska ce. A wannan karon na ce sai ta je awo. Da yake ba zai yiwu a gan ni ina raka 'yar fari asibiti ba, sai na ce gwiwata ke ciwo, muka tafi tare. Ina zaune a benci ina ta matsa gwiwar da lafiyarta ƙalau, malamar asibiti ta leƙo ta ce, "Mama, 'yarki ta ce ki shigo ki ji."

Sun soki yatsanta sun gwada jini. Malamar ta ce tunjere ne. Ni a sanina tunjere ciwon mutanen da ne, wanda ke cin hanci, ga yarinya kuwa ko ƙurji babu a jikinta. Malamar ta ce haka yake yi, yana iya shekaru a jini ba alama, daga nan ya sauka a kan ɗan da ke ciki. Ta ce an kama shi da wuri, allura za a riƙa yi mata sati-sati har a gama. Sannan ta ƙara da abin da ya hana ni sakat: dole a gwada mijin shi ma a yi masa, in ba haka ba tana komawa ɗakinsa ciwon zai dawo, kuma kafin nan kada su haɗa shimfiɗa.

Tun daga ƙofar asibiti har gida zagin yaron nan nake yi a zuciya, ko da yake malamar ta ce ba wanda zai iya sanin ta inda abin ya shigo. Da na huce sai tambaya ta rage: wa zai gaya masa?

Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ni ba zan iya ba. Cewa zai yi ina na samo."

Na sami Malam, ubanta, yana gyaran buhunan masara. Ban kai rabin maganar ba ya ce wannan sha'anin mata ne, ya ɗauki buta, alhali da sauran lokaci kafin azahar. Sai na aika aka kira ƙanena, mai sayar da barkono a Ikara, tunda kawu yana da bakin magana da mijin 'ya. Na faɗa masa sunan ciwon, na sa ya maimaita. Washegari ya dawo yana fara'a, wai ya isar da saƙo cikin hikima. Na ce me ka ce masa? Ya ce, "Yaya, ai ba a faɗa wa mutum wannan kalma ido da ido. Cewa na yi ɗan sanyi ne ke damun iyalinsa, shi ma ya nemi magani."

Ranar kasuwar Makarfi sai ga ɗan aike da damin rake da jarkar jiƙo. Wai surukina yana gaishe ni, ya sayi tasa jarkar yana sha, wannan ta matarsa ce. Kuma bayan Juma'a zai zo ya ɗauke ta, don aikin abincin 'yan ƙwadago ya yi wa tsohuwarsa yawa.

Na share tsakar gidan da na riga na share. Na ɗora tukunya na manta ban zuba ruwa ba. In na shiga ɗaki sai in ji kamar ana kirana a waje, in na fito in rasa abin da ya fito da ni. Yarinyar tana zaune tana tsince shinkafa, cikin ya fara turo zani, ni kuwa ina kallonsa ta gefen ido ina jin tsoro. Mutanen kirki ne kewaye da mu, kowa yana kiyaye mutuncin kowa, kuma a haka za a sake haƙa ɗan ƙaramin rami.

Ranar Alhamis da hantsi na yafa mayafi na ce zan je gaisuwar mutuwa. Na hau acaɓa har inda surukina yake matsar rake. Inji yana ta ƙara, ƙudan zuma sun rufe tulin ɓawo, shi yana tsaye bakin kasko yana juya ruwan rake da zai zama mazarƙwaila. Da ya hango ni sai ya miƙa wa wani muciyar, ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya durƙusa. Muka gaisa: ya gida, ya Malam, ya aiki, ya tsohuwa, ya mai jiki. Gaisuwa ta ƙare, na sake ɗauko ta daga farko. Daga nan na ce to Allah ya taimaka, na juya na kama hanya. Har na kai bakin titi, na tsaya, na dawo. Yana nan durƙushe inda na bar shi.

Ban kalle shi ba, kaskon na kalla. Na ce, "Abin da aka gaya maka ba shi ba ne. Tunjere aka samu a jininta. Shi ya kashe muku yara biyu. Jiƙo ba ya maganinsa. Za ka je asibiti a gwada ka a yi maka allura, kuma ba za ta koma ɗakinka ba sai an gama."

Ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinke. Can ya ce, "Inna, ni fa lafiyata ƙalau."

Na ce, "Ita ma haka take ji. Ban zo tambayar wa ya kawo ba. Amma na biyun nan, kai ka ɗauke shi a hannunka zuwa maƙabarta. In kana iya sake ɗauka, ni ba zan iya sake zama a ɗaki ina yi kamar ban ji ba."

Bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba. "Allah ya huci zuciyarki," shi ke nan abin da ya faɗa. Na dawo gida.

Juma'a ta wuce bai zo ba. Duk mashin da ya tsaya a ƙofar gida sai in leƙa zaure. Na rasa ko asibiti ya tafi ko takardar saki yake shirin aikowa. Na koma wurin malamar da uzurin gwiwata, ta ce ba ta faɗar wanda ya zo da wanda bai zo ba. Sai wani yammaci na ji yarinyar tana waya a bayan rumbu, tana danne dariya. Da ta fito ta ce wa ƙanwarta, da ƙarfi yadda zan ji, wai wani yana kukan allura ta hana shi zama a kan mashin.

Da damina ta haihu a asibiti, namiji. Ina waje a bencin nan na ji kukansa, na rufe fuska da mayafi na yi nawa. Sun duba shi sun ce lafiya.

Surukina bai ƙara shigowa gidanmu ba. Da can har tsakar gida yake zuwa ya ci tuwona ya ce a ƙaro miya. Yanzu daga zaure yake aiko gaisuwa, in muka haɗu a biki ya canza hanya. Malam ya ce na kunyata yaro, kuma gaskiya ne. Abin yana mini ciwo, don ina sonsa kamar ni na haife shi. Da Sallar bana ya kawo yaron a mashin, ya sauke shi a bakin zaure, ya tsaya daga waje. Yaron ya shigo yana tangaɗi da sabon takalmi a ƙafa ɗaya, ya faɗa jikina. Na ɗaga murya na ce a ce wa baƙo ya shigo ga abinci. Sai na ji an tayar da mashin.