Ranar da Na Harba Zoɓon Inna

Shekarar da aka ce za a rage malaman makarantarmu, sunana na cikin waɗanda za a tura wata ƙaramar hukuma can ƙarshen jiha. Ban ga takardar ba, amma a garinmu Illela, nan bakin iyakar Nijar, mai shayi yakan riga mai takarda sanin abin da ke cikinta. Fiziks nake koyarwa, darasin da ɗalibai ke girmamawa daga nesa. Ni kuwa barin gari ba zai yiwu gare ni ba. Inna ta tsufa, gwiwa ta ƙi, ni kaɗai ne ɗanta da ya rage kusa, kuma ta ce gawarta kawai za a fitar daga ɗakin da ta haife mu.

Shugaban makaranta ya kira ni ofis ya ce sufeto zai zo daga Sakkwato, kuma abin da ya rubuta shi za a bi. Ya ba ni shawara kada in cika allo da lissafi, domin mutumin Larabci ya karanta. In nemi abin da zai tashi, ko aƙalla ya yi ƙara.

A lokacin wani bidiyo na yawo a wayoyi: roka ta kai kumbo sama, gindinta ya rabu da ita, ya juyo, ya sake kunna wuta, ya sauko ya tsaya da ƙafafunsa kamar zalɓe a bakin tafkin Kalmalo. Rabin ɗalibaina sun ce baya aka mayar da hoton. Na nuna wa Inna, na yi mata bayanin cewa yanzu gyara shi ake yi a sake harbawa. Ta kai wayar kusa da ido, ta daɗe tana kallo.

"To da can hwa? Yaddawa suka yi?"

Na ce a teku yake faɗawa. Ta miƙo mini wayar, ta ce ashe sai yanzu suka yi hankali.

Na yanke shawarar haɗa rokar ruwa. Ba abin wahala ba ne: babbar gorar roba, a zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a toshe, a kife ta, a dinga buga mata iska da famfon keke har toshiyar ta fice. Ruwan ya feso ƙasa, gorar ta yi sama. Wahalar ita ce gorar. A garinmu gora ba ta zama shara. Mai fetur na bakin titi na nemanta, mai manja na nemanta, mai kunu ta riga su duka. Sai da na yi mako guda kafin na samu manya guda biyu. Wani mai faci ya yi mini toshiya da bawul ɗin tsohon tiyub, na yanka kwali na liƙa fuka-fuki, na gwada a fili ta hanyar Darna Sabon Gari. Ta wuce tsayin bishiyar dogon yaro, ta dawo lafiya. Na ajiye su bayan ƙofa na yi barcin mai gaskiya.

Da safe na tarar da su a kan tabarma, an wanke su fes, suna naso don sanyi, cike har wuya da zoɓo. Fuka-fukan kuwa da su aka hura wutar dafa shi. Inna ta ji ana cewa babban baƙo zai zo wurin ɗanta, a wajenta kuma ba a karɓar baƙo da baki busasshe. Na fara faɗin cewa kayan aiki ne, ta katse ni.

"Mi? Mutum shi taso tun Sakkwato ka nuna mai gora wayam? Ɗauki, kuma ka maido man gorunana."

Na ɗauka. Akwai dokokin da ba a cikin littafin fiziks suke ba.

Sufeton dattijo ne dogo, cikin farar shadda da ta sha bugu, irin wadda mai ita ba ya jingina da kujera. An jera kujeru a filin makaranta. Na roƙi shugaba a ja su baya taku ashirin. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa, ya ce ba a taɓa zaunar da baƙo nesa da abin da aka shirya dominsa ba. Sai ma ya sa aka matso da kujerar sufeto gaba, aka tura ɗalibai can baya inda babu abin da zai same su.

Aka kawo kofuna. Suna sha ina bayani, kuma ba yabon kai ba, ban taɓa yin darasi mai kyau irin na ranar ba. Na ce roka ba ta dogara da iska kamar jirgin sama, abin da ke cikinta take watsowa baya da ƙarfi, shi kuma ya ingiza ta gaba. Shi ya sa kusan duk nauyinta mai ne, shi ya sa kuma take yar da tankin da ya ƙare a hanya. Na ce hawa sama ba shi ne aikin ba. Tana wuce iska mai kauri sai ta karkata ta yi gudu a kwance, gudun da zai sa tana faɗowa ƙasa tana lanƙwashewa a ƙarƙashinta, ta yi ta faɗowa ba ta iso ba. Wannan shi ne kewaya duniya. Sufeto ya ce ya san ma'aikata da yawa a hedikwata da ke cikin wannan hali. Aka yi dariyar da ake yi wa manya.

Da lokacin harbi ya yi, gora ɗaya ta ƙare amma shugaba ya riga ya ba masinja ita, ya kuwa ɓace. Ɗayar saura kashi ɗaya cikin uku, daidai kamar an auna. Famfon makaranta ya bushe, mai garuwa bai zo ba, sufeto na duba agogo yana cewa zai wuce Tozai kafin azahar. Na tuna cewa kimiyya ba ta ware ruwa da zoɓo. Na toshe, na kife, na fara buga famfon keke.

Ban kai bugu na ashirin ba gorar ta fice. Da yake ba ta da fuka-fuki, ba ta miƙe ba, sai ta karkata tun daga ƙasa, ta bi ta saman kujerar sufeto tana zubar da duk abin da ke cikinta, ta faɗa bayan katanga. Ɗalibai suka yi tsit, abin da ban taɓa samu daga gare su ba. Shaddar ta koma ja daga kafaɗa zuwa gwiwa, ga ƙamshin citta da kanumfari ya cika wurin.

Ya ciro hankici ya goge gilashinsa a hankali.

"Malam, wagga ita ce wadda taka dawowa, ko wadda aka yaddawa?"

"Ranka shi daɗe, tana dawowa. Inna ta ce a mayar mata."

Bai yi dariya ba. Ya ari rigar shugaba, wadda ta tsaya masa a ƙwauri, ya shiga mota. Na koma gida na fara tunanin wadda zan roƙa cikin dangi ta zo ta zauna da Inna.

Bayan mako uku takarda ta fito, babu sunana. Shugaba ya ce sufeton ya gaya masa a waya cewa darasin ya shiga kansa, amma mutum irina ba a kai shi tsakiyar ƙasa, gara a bar ni a bakin iyaka, in wani abu ya ƙwace mini ya faɗa Nijar. Malamin labarin ƙasa aka tura a madadina, mutumin kirki wanda bai taɓa ɓata wa kowa riga ba. Har yau in mun haɗu a kasuwa, da hannu kawai yake amsa gaisuwata.