Turmi Guda da Ɗoriya

Batura huɗu na fara gani, an jera su a kan katangar gidan tela suna shan rana kamar shanyar kuɓewa. Sai kuma hannun da ya miƙo yana juya su ɗaya bayan ɗaya, lallen yatsun ya fara koɗewa. A shekarun nan sabon batir sai mai hali, saboda haka idan rediyo ta fara shaƙewa sai a kai baturan rana su farfaɗo. Hannun na ɗiyar tela ne. Ni a lokacin na gama sakandare ina zaune ba aiki, in yi noma da safe, da yamma in kwanta da littattafan soyayya da nake arowa a kasuwar Ɗambatta. Na karanta su da yawa, har na san cewa duk saurayin da ya ga hannu kafin ya ga fuska, to tasa ta ƙare.

Damina ce, ta shekarar da takin zamani ya ɓace, man fetur kuma sai a kwalba. Ana wasannin Olamfik a Amurka, 'yan ƙasarmu sun je. Iyakar abin da muka sani shi ne abin da rediyon tela ta samu faɗa kafin muryarta ta ɗauke. Wata rana da hantsi yayyafi ya hana mu gona, muna cunkushe a rumfarsa, sai rediyon ta ce wata 'yar Najeriya ta ci zinare a tsalle, ta yi mita bakwai da ɗoriya.

Wani dattijo da ke tufkar igiya a gefe ya ce, "Mene ne kuma mita?"

Tela ya ce, "Yadi ne da ya ƙoshi." Ya ciro tef daga wuyansa, ya yi ta motsa baki, sannan ya ce, "Turmin atamfa guda a shimfiɗe, da kusan yadi biyu a kai."

"Me ya biyo ta?"

"Babu abin da ya biyo ta, Baba."

"To ba ta yi ba. Mutum ba ya irin wannan tsalle sai da kare a bayansa."

Bayan la'asar na je zance wurin ɗiyar tela. Na haddace magana mai kyau daga wani littafi, na gaya mata saboda ita zan ƙetare teku bakwai. Ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Malam mai littafi, bar teku, ba mu da shi a nan. Mace ta tsallake turmi da ɗoriya. Kai ka tsallake turmin kawai, na yafe maka ɗoriyar, sai mu yi magana."

Ko akuyar gidanmu ta ji wannan ta san sallama ce. Amma a littattafaina yarinya ba ta kafa sharaɗi sai ga wanda take so. Na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Na gaya wa Inna zan tsallake turmi in yi aure. Ta mirgino wanda take daka a ciki ta ajiye a gabana. "Ga shi nan, tsallake ka ba ni wuri, ina da surfe."

A gonar gyaɗarmu na fara gwaji, don ƙasarta da laushi. Da yake ba ni da tef, da kunyoyin gona nake awo. Ranar farko kunya uku, bayan mako guda huɗu. Baba ya ga gyaɗa a tattake, ya zaci jakin maƙwabta ne, ya laɓe a cikin gero da sanda. Ni ya gani na taho a sama. Ya jira har na miƙe na karkaɗe wando.

"Kunya nawa ka tsallake?"

"Huɗu, Baba."

"Biyar dai. Har da wadda ake ji."

Aka sa rana, Juma'a da yamma, a filin makarantar firamare. Na zaci mu biyu ne da ƙawayenta, ashe zancen ya gama gari. Har dattijon igiya ya zo, yana tambaya ko a kawo kare. Ita kuma ta iso da turmin a ƙarƙashin mayafi, sabo fil, takardar kamfani ma ba a ɓare ba. Aka shimfiɗa shi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, shuɗi mai zanen tsuntsaye. A shekarar da mata ke juya tsohon zani su ɗaura ta baya, ban tambayi kaina inda budurwa ta samu turmin da almakashi bai taɓa ba. Tsawonsa kawai nake kallo. A rumfar tela bai kai haka ba.

Na ja da baya har gindin darbejiya, na yi bismilla, na zubo da gudu. A sama na ji kamar yadda littattafai suke faɗa, iska a kunne, zuciya fayau. Sai dugadugaina biyu suka dira a kan wani tsuntsu, atamfar ta zame da ni, na zauna daɓas.

Tela ya zo da tef ya auna cikin natsuwa. "Yadi uku da rabi. Ka samu zani da rabin riga."

Ana cikin dariya wani mutum ya fito daga taron, direban bas mai jigilar Ɗambatta zuwa Kano. Ya durƙusa ya duba jan taɓon da na shafa, ya ce wa tela, "Baba, ai atamfar toshin da na kawo ce. Ba komai, a wanke."

Kowa a filin nan ya san da toshin, ban da ni. Na dube ta. Karo na farko ba ta da abin tsokana. A hankali ta ce, "Wallahi ban ɗauka za ka yi ba."

Da kaka aka ɗaura musu aure. Gyaɗarmu a shekarar ba ta yi auki ba, Baba kuma bai taɓa ɗora laifin a kan rashin taki ba.

Bayan shekaru masu yawa na gan ta a kasuwar Ɗambatta, an ɗauke ruwa, kwata ta cika ta tumbatsa. Tana da goyo a baya, da kwandon tumatir a ka. Ba ta ko tsaya ba, ta ɗan tattare zani ta tsallake, tumatir ko ɗaya bai faɗi ba. Na auna da ido, ya yi yadi biyu, kuma babu abin da ya biyo ta. Ta shige layin masu manja ba ta waiwayo ba. Ni na zaga ta kan katakon da aka gitta a kan kwatar.