Goyon da Ba Ya Motsi

Lokacin kaka ne, ana ta sussukar wake, maigidana ya tafi Funtua saro kaya ya bar mini shago. Maganin feshi da taki muke sayarwa a bakin titin Dayi. Kafin ya hau mota sai da ya sake nuna mini gwangwanin da ke saman kanta, mai ƙwayar da ake jefawa a buhun wake don kada ya yi ƙwari. Ya ce guda ɗaya tak in ta shiga cikin mutum, ko asibiti ba za a kai ba. Kada in sayar wa yaro, ko da ubansa ne ya aiko shi.

Na ce, "To ni yaya zan gane babba? Ka san ban iya karanta katin shaida ba."

Ya yi dariya. "Namiji ki duba gemu, mace ki duba bayanta. Mai goyo ai ta girma."

Bayan azahar titi ya yi tsit, kowa yana gona. Ina tsaye ina jijjiga ɗana a baya, lokacin yana haƙori, sai ga wata ta shigo ba sallama. Hijabi ruwan toka har ƙasa, ga tudun goyo. Fuskar 'yar ƙarama, idanun a bushe.

"Anti, ƙwayar wake."

"Buhu nawa za ki sa wa?"

"Guda ɗaya ta ishe ni."

Har hannuna ya kai kan gwangwanin, sai na lura ni kaɗai ke motsi a shagon. Mai goyo ba ta tsayuwa cak. Ko ɗan yana barci, jikinta da kansa yake lilo. Ita kuwa kamar an kafa turke. Rana na dukan kwano, ɗana ya jiƙe sharkaf yana mutsu-mutsu, nata ko ɗagawar numfashi ban gani ba.

"Baiwar Allah, ɗaga masa hijabin ya sha iska mana."

"Barci yake."

"Mace ce ko namiji?"

Ta ce, "Hira na zo ko sayayya?"

"Je ki turo maigidanki."

"Ke naki yana ina? Da me kika fi ni, Anti? In goyo ne, ga nawa."

A daidai nan wata tirela ta wuce, iskarta ta ɗage hijabin. A kwiɓinta, inda ƙafafun jariri ke leƙowa, babu komai. Majanyi ne ɗaure tamau, da gefen wani tsumma.

Na ce, "Ta ƙare."

"Ga ta can ina gani."

"Na ce ta ƙare."

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta gyara hijabinta, ta tsallaka titi, ta tsaya jiran mota tana kallona. Ɗana ya fara kuka, na shiga jijjiga shi ina bubbuga masa. Can na ga ita ma ta fara lilo a hankali, daidai da nawa. Na kai hannu baya, ta kai nata. Ta yi ta yi har ta iya.

Motar Malumfashi ta tsaya. Ina jin kwandasta yana cewa, "A matsa wa mai goyo!"

A Malumfashi shaguna irin namu sun fi a ƙirga. Na kira maigidana, shi kuma ya kira waɗanda ya sani a can. Kowa ya tambaya, wace mai goyon? Ai tun safe masu goyo ke zuwa.

Har yau ban san ko 'yar waye ba, ban kuma san wa ta nufa da ƙwayar ba. Gwangwanin dai ya koma cikin akwati mai kwaɗo. Duk macen da ta zo nema, sai na kama ƙafar ɗanta na ji ɗumi kafin in ɗauko mabuɗi.